Darasi na 14: Ɗora Sabuwar Babbar Manhaja a kan Tsohuwar Kwamfuta

Duk wanda Allah ya hore wa kwamfuta, ko ta tebur ce ko ta tafi-da-gidanka, ko sabuwa ce dal daga kwali ko kuwa ta hannu ce irin wadda fatake suke shigowa da ita daga Turai da Amurka, lalle ne wata rana ya tarar da kansa a gaban mas'alar da za mu yi bayani a kanta cikin wannan darasi, domin ƙarfen na'ura yakan shekara goma yana aiki lafiya lau bai gaza ba, alhali kuwa babbar manhajar da take gudanar da shi tana da wa'adin da masu ita suka yanka mata, wanda da zarar ya cika sai su janye hannunsu daga kula da ita. Babbar manhaja, kamar yadda bayani ya gabata a darussan baya, ita ce take fara tashi idan an kunna na'ura, ita take tsara ajiyar takardu da hotuna, ita take sada madannai da fuskar kwamfuta da firinta, kuma a kanta ne sauran ƙananan manhajoji, na rubutu da na lissafi da na shiga intanet, suke dogara. Tun da yake galibin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da makarantunmu da shagunan buga takardu Windows ta kamfanin Microsoft suke ɗauke da ita, da ita za mu buga misali.

An fitar da Windows XP a 2001, aka daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu, 2014. Windows 7, wadda har yanzu akwai masu ƙaunarta saboda sauƙin sha'aninta, ta fito a 2009, wa'adinta ya cika ranar 14 ga Janairu, 2020. Ita kuwa Windows 10, wadda ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, ta kai nata wa'adin ranar 14 ga Oktoba, 2025, bayan magajiyarta Windows 11 ta riga ta shekara huɗu a hannun jama'a, tun daga 5 ga Oktoba, 2021.

Mai hankali zai tambaya, ina illar cikar wa'adin nan, tun da washegarin ranar na'urar tana tashi kamar yadda ta saba, tana buga takarda, tana shiga intanet, babu abin da ya ragu a zahiri? Amsa ita ce illar a ɓoye take, kuma sannu a hankali take zuwa. Misalin babbar manhaja kamar katangar ƙasa ce da ta kewaye gida: muddin ana yi mata yaɓe kowace shekara kafin damina tana nan tsaye tana tsare mutanen gida, kuma shekarar da aka daina yaɓen ba a ranar take faɗuwa ba, sai dai kowane ruwa ya sauka ya zaizaye wani gefe, tsaga ta buɗe babu mai toshewa, har ɓarawo ya sami mashiga. Manhajar da aka rubuta da miliyoyin layuka ba ta rasa kurakurai, kuma akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai neman waɗannan kurakurai domin su kutsa cikin na'urorin bayin Allah. Saboda haka ne kamfanin yake aiko da facin tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, tsohuwar manhaja da sabuwa sun yi tarayya a sassa masu yawa, don haka idan aka toshe wata kafa a cikin sabuwar, ɓarayi sukan nazarci facin su gane inda kafar take, sa'an nan su koma su neme ta a cikin tsohuwar, inda suka tabbata babu mai zuwa ya toshe.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a sami hujja. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150, ta kama kwamfutoci sama da 200,000, tana kulle takardun mutane tana neman fansar dala 300 kafin ta buɗe. A Ingila ta shafi kimanin sulusin hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kusan 19,000, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitocin zuwa wasu. Facin da yake toshe kafar da ta bi ya riga ya fito tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin annobar. Waɗanda ta kama su ne waɗanda suka yi sakaci ba su ɗora shi ba, da kuma masu tsofaffin manhajoji irin su XP, waɗanda tun farko ba a aiko musu da shi ba, har sai da kamfanin ya fitar musu da na gaggawa bayan ɓarna ta auku. Bisa wannan dalili nake ganin cewa wanda yake shiga asusun bankinsa da kwamfuta, ko yake ajiye takardun wasu a cikinta, kamar mai shagon buga takardu da magatakardan makaranta da ma'ajin ƙungiya, sabunta babbar manhaja ya zama wajibi a kansa, domin dukiyar da ke cikin haɗari ba tasa ba ce shi kaɗai.

Sanin halin na'ura

Kafin a taɓa komai, farkon abin da ya kamata shi ne mutum ya san abin da yake hannunsa, don Windows 11 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri waɗanda magabatanta ba su gindaya ba. Wasu daga cikinsu masu sauƙi ne, kusan kowace na'ura ta shekarun nan ta cika su: RAM mai gigabait 4, ma'ajiya mai gigabait 64, furosesa mai bit 64. Sharuɗɗan da suke kayar da tsofaffin na'urori guda biyu ne. Na farko shi ne zubin furosesa, inda ake buƙatar zubi na 8 na Intel zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko kuma, a galibi, Ryzen 2000 zuwa sama ga masu AMD. Na biyu shi ne wani ɗan sashe na tsaro mai suna TPM 2.0, wanda aikinsa ajiye makullan sirri a wurin da muguwar manhaja ba ta iya kaiwa, tare da tsarin tashi na zamani da ake kira UEFI, mai iya tantance abin da yake tashi da na'ura.

Gane zubin furosesa abu ne da kowane ɗalibi zai iya a cikin minti guda. A buɗe Settings, a shiga System, a gangara zuwa About, za a ga an rubuta wani abu kamar Core i5-6300U ko Core i5-8250U. Lambar farko da take bayan ɗan layin nan ita ce zubin: ta farko zubi na 6 ce, ba ta cika sharaɗi ba, ta biyu zubi na 8 ce, ta cika. Idan an ga irin i5-1135G7, to lambobi biyu na farko ake karantawa, wato zubi na 11. A nan akwai faɗakarwa ga mai shirin zuwa kasuwa, ko Farm Centre ta Kano ce ko wata, domin mutane da yawa suna ruɗuwa da jin an ce i7, suna zaton ta fi kowace i5, alhali i7 ta zubi na 6 ba ta karɓar Windows 11 ta halastacciyar hanya, i3 ta zubi na 8 kuwa tana karɓa. HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda suka cika kasuwannin na hannu saboda ƙwarinsu da rahusarsu, zubi na 6 ne. 840 G5 da T480 kuwa galibinsu na 8 ne. Sau da yawa za a tarar da ta zubi na 6 an riga an ɗora mata Windows 11 ta bayan fage, mai saye ya gani a fuskar na'ura hankalinsa ya kwanta. Kada ganin fuska ya wadatar da ku, ku duba lambar da idonku kafin ku miƙa kuɗi.

Game da TPM, a danna madannin Windows tare da R, a rubuta tpm.msc, za a ga ko akwai shi da kuma lambarsa. Idan na'urar ta ce babu, kada a yanke ƙauna nan take, don tun daga 2016 kamfanin ya wajabta wa masu ƙera kwamfuta su sanya shi a sababbin na'urori, sai dai a wasu yana nan amma a kashe. Ana kunna shi a cikin BIOS, wanda ake shiga ta danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, daidai lokacin da na'ura take tashi. A can akan same shi da sunan PTT a na'urorin Intel, ko fTPM a na AMD. Sai dai wanda bai saba da BIOS ba ya nemi injiniya ya tsaya a kansa, musamman idan aikin ya kai ga sauya tsarin tashi daga tsohon zuwa UEFI, domin idan aka sauya ba tare da an fara daidaita tsarin faifan ajiya ba, na'urar takan ƙi tashi gaba ɗaya. Wanda yake son hukunci a dunƙule kuwa ya sauke 'yar manhajar nan ta Microsoft mai suna PC Health Check, kyauta ce, za ta bincika ta faɗa masa ko na'urarsa ta cancanta, in ba ta cancanta ba ta ambaci sharaɗin da ya rage.

Kiyaye amana

Wannan shi ne rukunin da ya fi kowanne girma a cikin aikin, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi, domin mutum yana ɗokin ganin sabuwar manhaja, sai ya ɗauki kwafar takardu a matsayin ɓata lokaci. Gaskiya ne ɗora Windows 11 a kan Windows 10 ta hanyar da aka tsara ba ta goge takardun mutum, amma wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, tsohon faifan ajiya da ya daɗe yana ciwo a ɓoye yana iya macewa a ƙarƙashin nauyin rubutun da ake yi masa na awa biyu ko uku ba hutawa, kuma yaron shago yana iya zaɓar goge komai bisa kuskure ko don ya fi masa sauri. Manhaja idan ta lalace ana sake sauke ta, na'ura idan ta ƙone ana sayen wata, amma kundin digirin ɗalibar da ta shekara tana rubutawa, da lissafin bashin da ake bin abokan ciniki, da hotunan mahaifin da ya rasu, babu kasuwar da ake sayar da su.

Saboda haka a nemi faifan ajiya na waje, ko filash mai yalwa, a kwafe duk abin da ke cikin Documents da Pictures, sa'an nan a tuna da wuraren da ake mantawa, wato Desktop da Downloads, inda a haƙiƙa mafi yawanmu muke zuba muhimman takardunmu. Masu aikin ɗab'i su kwafe salon haruffan da suka tara, na boko da na Larabci, don idan suka ɓata, tsofaffin ayyukansu za su buɗe a hargitse. A rubuta kalmomin sirri na imel da sauransu a takarda a adana, saboda da yawa daga cikinmu na'ura ce take riƙe musu, su sun daɗe da mantawa. A tabbatar kuma da lasisin kowace manhajar da aka saya da kuɗi. Bayan an gama, kada a wadatu da ganin sunayen takardu a jere. A cire faifan, a kai shi wata kwamfutar, a buɗe takarda biyar ko goma a ga suna buɗewa, sa'an nan ne kwafi ya tabbata. Wanda zai kai na'urarsa shago ya yi wannan da hannunsa a gida tun kafin ya fita, kuma ya cire abin da bai dace idon wani ya gani ba na sirrin iyalinsa ko na mutanen da suka ba shi amana.

Aikin kansa

Idan na'ura ta cika sharuɗɗa kuma an kiyaye amana, sauran aikin ba shi da wuya. A shiga Settings, a buɗe Windows Update, a nemi sabuntawa. Mai halastacciyar Windows 10 za a miƙo masa Windows 11 ba tare da ya biya ko kwabo ba. Abu biyu kawai za a tanada, data da wuta. Abin da za a sauke yana cin gigabait da dama, kuma bayan an gama wasu facin za su biyo baya, don haka wanda yake sayen data kaɗan kaɗan ya yi lissafinsa tukuna. Wuta kuwa, batirin na'urar hannu sau da yawa ya riga ya gaji, ba ya riƙe awa guda, saboda haka a jona ta da caja a inda ake da tabbacin sola ko janareta mai isasshen mai, kwamfutar tebur kuma kada a fara sai da UPS, wato na'urar da take riƙe wuta idan an ɗauke. Na'urar za ta mutu ta tashi da kanta sau da dama, wani lokaci lambar da take nunawa ta tsaya wuri guda har mutum ya zaci ta maƙale. A yi haƙuri a ƙyale ta, kashe ta da ƙarfi a wannan hali shi ne babban abin da yake jawo ɓarna.

Mai na'urori da yawa, kamar makaranta, ya fi masa sauƙi ya sauke manhajar sau ɗaya ta Media Creation Tool zuwa filash mai aƙalla gigabait 8, wanda za a goge duk abin da yake cikinsa, ya riƙa ɗorawa daga nan. Daga shafin Microsoft kaɗai za a sauke, domin kwafin da ake yawo da shi an fasa masa lasisi, ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa.

Bayan an gama a gwada firinta da sauti da kyamara da Wi-Fi, a ga ko tsohuwar firinta tana buƙatar sabon direba, a kuma duba ko madannan Hausa suna nan, a rubuta ɓ da ɗ da ƙ a gani. Idan wani abu mai muhimmanci ya ƙi aiki, akwai rangwame na kwana 10 da za a iya komawa tsohuwar manhajar ta System, sai Recovery, muddin ba a goge jakar da ake kira Windows.old ba. Akwai kuma wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa: sababbin na'urori da yawa suna kulle faifan ajiya da makullin sirri na BitLocker, suna ajiye makullin ceto mai lambobi 48 a asusun Microsoft da aka shiga da shi. Idan injiniya ya shiga da nasa asusun don ya rage wa kansa wahala, makullin takardunku yana hannunsa ke nan, kuma ranar da na'ura ta nema ba ku da shi, ba wanda ya isa ya buɗe muku. Ku shiga da asusunku, ku kwafe lambobin nan a takarda.

Idan na'ura ba ta cancanta ba

A nan ne mafi yawan ɗalibanmu za su tarar da kansu, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa, don jefar da na'ura mai lafiya saboda lamba guda a sunan furosesa almubazzaranci ne, musamman a wurin da sayen wata yake cinye albashin watanni. Kamfanin ya buɗe wa masu Windows 10 ta ƙarshe, wato 22H2, ƙofar ƙarin facin tsaro na shekara guda, har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin na'urarsa da asusun Microsoft. Wannan jinkiri ne na larura domin a sami damar shiri. Masu Windows 7 kuwa su sani ƙofar hawa Windows 10 kyauta an rufe ta tun watan Satumba na 2023.

Akwai hanyar da ta yaɗu a shaguna, ta tsallake binciken sharuɗɗa da wasu manhajoji irin su Rufus, a ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba. Tana aiki, kuma na'urorin zubi na 6 da na 7 sukan ɗauke ta ba tare da nauyi ba. Amma kamfanin ya bayyana a fili cewa bai lamunce wa irin wannan na'ura samun sabuntawa ba, babbar sabuntawar shekara ma sau da yawa ba ta zuwa da kanta sai an sake ɗorawa da hannu. Wanda ya fahimci haka kuma zai iya bibiya, zaɓi nasa ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi wa mutum haka a ɓoye masa, ya tafi yana zaton yana cikin aminci.

Hanyar da na fi karkata gare ta ga mai rubutu da karatu da shiga intanet ita ce Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, ya assasa a 1991, wadda jama'a daga ko'ina cikin duniya suke raya ta, kuma halal ne a kwafe ta a raba kyauta. Nau'inta da ake kira Linux Mint ya yi kama da Windows a tsari, yana wadatuwa da RAM mai gigabait 2 ko da yake 4 ya fi, kuma fitowa ta 22 tana da facin tsaro har zuwa 2029. Wata falalarsa ita ce ana iya tayar da shi daga filash a gwada sauti da intanet da firinta ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'ura ba, sai an gamsu a ɗora. Yana zuwa da LibreOffice, mai buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan gurgunce. Naƙasunsa shi ne CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Office ba a yi su dominsa ba, saboda haka mai shagon da abincinsa ya rataya a kan zanen katin biki da kalanda kada ya yi gaggawar ƙaura. Shi maslaharsa ita ce ya bar tsohuwar na'urar a kan aikin zane, ya yanke ta daga intanet ɗungurungum, ya kiyaye irin filash ɗin da ake soka mata, ya tanadi wata dabam don imel da banki.

Ko wace hanya aka bi, akwai gyara guda da yake mayar wa tsohuwar na'ura ƙuruciyarta fiye da kowane, wato a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, wanda ba shi da wani sashe mai motsi. Na'urar da take ɗaukar mintoci kafin ta tashi sai ta koma tashi cikin daƙiƙu. Idan aka haɗa da ƙara RAM zuwa gigabait 8, kuɗin duka bai kai kusa da na sayen wata ba. Tsohon faifan kuma a saya masa gida a mayar da shi ma'ajiyar waje.

Aikin da za a zo da shi darasi na gaba shi ne, kowane ɗalibi ya duba kwamfutarsa, ko ta wurin aikinsa da izinin shugabansa, ya rubuto sunan furosesa da zubinta, da yawan RAM, da nau'in ma'ajiya, da abin da tpm.msc ya nuna, sa'an nan ya rubuta a layi biyar hanyar da yake ganin ta dace da wannan na'ura da dalilinsa. Wanda yake da filash mai gigabait 8 da babu komai a ciki ya zo da shi, za mu tayar da Linux Mint a kan kwamfutar aji kowa ya gwada da hannunsa.